Baƙin Mai a Lagireton Motar Ishaya

Na daɗe ina jinkiri kafin in rubuta wannan babi. Littafin da nake rubutu a ciki 'yata Rabi ce ta sayo mini yau shekara uku, ta ce in zuba muku labarina tun ina iya riƙe biro. Na rubuta haihuwata, na rubuta yadda na tsaya a firamare na shiga gareji, amma duk ranar da na iso wannan wuri sai in rufe littafin in ce sai gobe. Wani lokaci in ce rubutuna ba shi da kyau, wani lokaci in ce wasu daga cikin mutanen sun rasu, bai kamata a taso da maganarsu ba. Kunya ce kawai. Kun taso kuna jin cewa na bar garejin manyan motoci a Sabon Gari na dawo Samaru gyaran janareto da injin ban-ruwa saboda wani direba ya ƙona injin Alhaji ya gudu, abin ya shafe ni. Ban taɓa faɗa muku haka da bakina ba, amma kuma ban taɓa gyara muku ba. Mamarku ta san gaskiya, ta rufa mini asiri har Allah ya karɓi ranta. To, ba haka aka yi ba, kuma ga yadda aka yi.

A lokacin da wayar hannu ta fara shiga hannun masu hali, direbobi ba su kai ga samu ba tukuna, ina riƙe da motocin Alhaji Tanimu guda huɗu. Manyan motoci ne masu shan gas, masu bodin katako, suna kwasar tumatir da albasa daga gonakin Bomo da ƙauyukan da ke bayanta su kai Kudu. Babu wanda yake sa sifana a jikinsu sai ni. A cikin direbobinsa akwai Ishaya, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, yana haya a Hanwa da matarsa da 'ya'ya uku. Dogo ne, yana da wushirya, ba ya iya minti biyar bai tsokani mutum ba. Shi ya sa mini sunan da ya bi ni har yau. Kun san halina, in na ɗaure noti sai in tafi in dawo in sake gwada shi, akwai ranar da na kai har Samaru na juyo a kan keke don ban tabbata na rufe murfin mai ba. Da ya gan ni ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Oga Sule Sake-Duba! Wallahi ranar da aka kai ka makabarta sai ka taso ka duba ko an jera itacen daidai."

Na ce masa, "Kai dai yi ta dariya. Sake dubawar nan ita take kai ka Legas ta dawo da kai."

Ya ce, "Shi ya sa ba na kai motata wurin kowa. Ni in ka ce ta yi, barci nake yi har da minshari."

Dole in bayyana muku wani abu na aikin, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba. A jikin injin babbar mota akwai wani akwatin ƙarfe da muke kira kula. Baƙin mai yana ratsawa ta cikinsa ta hanyarsa, ruwan lagireto yana ratsawa ta tasa hanyar, ruwan ya sanyaya man ba tare da sun haɗu ba. Abin da ya raba su a bakin akwatin shi ne wasu zobba na roba, irin robar da aka yi ta musamman don ta jure zafi da mai. A farkon kakar tumatir na shekarar, na kwance kular motar Ishaya don in wanke ta, sai zobe ɗaya ya tsinke a hannuna saboda tsufa. Na je wurin Emeka mai sayar da kayan manyan motoci, ya juye kwalayensa duka bai samu ba, ya ce sai kayansa sun iso daga Kudu, mako biyu. Ga kwanduna an riga an jera a Bomo, ga Alhaji yana aiko mutum bayan mutum. Sai na yi abin da makanikai da yawa suke yi a lokacin. Na karɓo tsohuwar robar cikin taya a wurin mai faci, na ɗora tsinkakken zoben a kai, na zagaye shi da reza na yanko irinsa. Ishaya ne ya riƙe mini robar a kan katako ina yanka. Na ce masa na ɗan lokaci ne, da zarar na gaske ya zo zan canza. Ya ce in dai ni na sa, ya yarda.

Na gaske ya zo. Na saya, na sa shi a gwangwanin madara da nake ajiye ƙananan kaya. Ban manta ba, irina ba ya mantuwa, kullum in na buɗe gwangwanin sai na gan shi. Amma canza shi yana nufin a tsayar da mota yini guda a tsakiyar kaka, a zubar da ruwa da mai, kuma in tsaya gaban Alhaji in ce masa na sa robar taya a injinsa. Sau uku motar tana shigowa juyen mai, sau uku ina cewa bari sai tafiya ta gaba. Na duba komai na motar nan sau biyu-biyu, ban da abu ɗaya da na san yana jirana.

Wata huɗu bayan haka, ranar wata Talata da hantsi, Ishaya ya shigo gareji a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Bai yi tsokana ba. Ya ce tun kafin Kaduna ya ga allurar zafi tana hawa, ya tsaya ya bari ta huce, da ya buɗe lagireto ya ga abin da bai gane ba. Daga nan ya riƙa tahowa yana tsayawa yana ƙara ruwa. Na jira ta huce na buɗe murfin. Abin da ke ciki ya yi kauri, launin ƙasa-ƙasa, kamar kunun gyaɗa da ya kwana, ya manne a ƙarƙashin murfin yana nashe-nashe. Na lakato da yatsa na murza, na sansana. Baƙin mai ne, ba gas ba.

Mai yana shiga lagireto ta hanyoyi kaɗan ne, kuma maigidana da ya koya mini aiki ya hore ni in fara da mai sauƙi kafin in kai ga mai wuya. Na fara tambayar Ishaya jarkar da yake ɗibar ruwa da ita, don na sha ganin direba ya cika lagireto da jarkar da aka taɓa zuba mai, a zo a yi ta neman ciwon da babu. Ya kawo ta, fes take, ba ta da ko ƙanshin mai. Na zaro gejin mai. Man ya ragu sosai, amma baƙi ne wuluk yadda ya kamata, bai yi fari-fari irin na wanda ruwa ya shiga ba. Na ce ya tayar, na bar bakin lagireto a buɗe na zuba ido. In gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan inji da jikinsa, yawanci za ka ga ruwan yana ɓulɓulo da kumfa kamar ana hura shi da tsinke, salansa kuma ta yi ta fitar da farin hayaƙi, injin ya riƙa rawa. Babu kumfa, babu farin hayaƙi, injin yana bugawa lafiya lau. Mai yana tafiya cikin ruwa, ruwa bai dawo cikin mai ba, kuma haka kula take yi in ta ɓalle, domin man ya fi ruwan ƙarfin turi. Kafin Ishaya ya kashe motar na riga na san inda ciwon yake, na kuma san hannun da ya sa shi.

Ina tsaye ina goge yatsa sai ga Alhaji, wani ya riga ya kai masa labari. Mutanen garejin da ke kusa suka taru, kamar yadda aka saba. Ya leƙa lagireton, ya juyo.

"Ya ƙona mini gasket ko? Ya bar ta ba ruwa ya yi ta taka ta. Irin abin da wancan direban ya yi mini bara."

Ishaya ya ce, "Alhaji, ban bar ta ba ruwa ba. Shekarata shida da kai, ka taɓa jin na dafa inji?"

"Ba da kai nake ba. Sule, kai ne likitanta. Gasket ne ko ba gasket ba?"

A garejin Sabon Gari na wancan lokaci, makaniken da mai mota ya tambaya a gaban jama'a ya ce bai sani ba tukuna, an gama da shi, gobe za ka ji ana cewa ai lalube yake yi. Amma ni ba rashin sani ne ya dame ni ba. Na dubi Alhaji, na dubi mutanen da suka zagaye mu. Abin da ya fito daga bakina shi ne,

"Yana iya yiwuwa, Alhaji. Sai an buɗe."

Na sha gaya wa kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai ban ce gasket ne ba. Amma na san yadda Alhaji zai ji maganar, kuma haka ya ji ta. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli. Direban da aka ce ya ƙona gasket saboda sakaci, labarinsa yana riga shi isa tasha, babu mai motar da zai sake ba shi sitiyari a garin. Kowa a wurin ya san haka. Ishaya ya ciro makullin ya ba shi, ya hau ya kwaso bargonsa da 'yar jakarsa da jarkar nan. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya. Ba da fushi ya yi maganar ba.

"Oga Sule, ka sake dubawa. Kai ne fa Sake-Duba."

Washegari Alhaji ya aiko da sabon gasket a cikin kwalinsa. Na rataye shi a ƙusa. Ban taɓa kan injin ba, kai tsaye na kwance kula. Zoben da na yanka ya kumbura ya yi laushi kamar ganda da ta sha wuta, gefe ɗaya ya tsage, da na taɓa shi sai ya biyo yatsana. Duk da haka na so in sami wani abin da zan jingina laifin a kansa. Na ɗauki kular na kai wurin mai faci, muka toshe baki ɗaya, muka tsoma ta a bahon da yake gwada taya, ya hura mata iska ta ɗaya bakin. In ƙarfen ya tsage, kumfa za ta taso. Na durƙusa a bakin bahon nan ina roƙon Allah in ga kumfa ko da ƙwaya ɗaya. Mai facin ya gaji ya ce, "Oga, ko kifi kake jira ya fito?" Kular lafiyarta ƙalau. Robar ce kaɗai.

Na ɗauko zoben gaske daga gwangwani na sa, aikin da bai kai rabin yini ba. Sauran kwanakin wanki ne. Na jiƙa garin sabulu a ruwan zafi na cika lagireto, in tayar ta ɗauki zafi, in zubar, in sake, har sau bakwai kafin ruwan ya fara fita fari. Na canza robobin ruwa duka, don mai ya riga ya cinye su ta ciki sun yi taushi. Motar ta tashi kamar ba abin da ya taɓa samunta. Alhaji ya turo sabon direba ya ɗauka, bai tambayi komai ba, ni ma ban ce komai ba. Gasket yana nan a ƙusa, na juya kwalin ya fuskanci bango.

Kwana tara na yi a haka. Ba na iya cin abinci, in na yi salla sai in rasa raka'a nawa na yi. Ranar ta tara da safe mamarku ta ajiye mini koko da ƙosai, ta ga na tura gefe, ta zauna a bakin tabarma.

"Malam, ko dai ka faɗa mini ko in je in kira Yaya Asabe ta zo ta tambaye ka. Zaɓi ɗaya."

Kun san gwaggonku Asabe, na zaɓi in faɗa. Ta saurara har na gama ba ta katse ni ba, sannan ta ce,

"Matarsa ce fa mai kawo mana doya duk dawowarsa. Yanzu me suke ci?"

Na ce, "In na faɗa, Alhaji zai kwashe motocinsa. Mu kuma me za mu ci?"

Ta ce, "Yanzu ma da motocin suke hannunka, ga ƙosai nan, ka ci mana."

Na cire gasket daga ƙusa, na naɗe ruɓaɓɓen zoben a takarda, na sami Alhaji a rumfarsa. Na ajiye su a gabansa na faɗi komai tun daga rezar. Ya daɗe yana juya robar da tsinken ashana.

"Robar taya, Sule? A injina?"

"Robar taya, Alhaji."

"Kuma ka tsaya kana kallo na kori mutumin da bai yi mini komai ba."

"Na tsaya."

Ya ce robar ba ta dame shi kamar shirun ba, don shi ma ya san ya matsa mini a lokacin. Ya ce daga ranar kada in sake taɓa motarsa, kuma in je da ƙafata in nemo Ishaya in ce masa makullinsa yana jiransa. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba har yanzu. Allah ya jiƙansa.

Daga rumfar na wuce Hanwa. Ɗakin a buɗe yake, an share, babu ko tabarma. Mai gidan ya ce kwana huɗu ke nan da suka tashi, Ishaya ya zaga tasha ya nemi mota kwana biyar kowa yana ce masa sai an duba, sai ya sayar da gado da kujeru ya kwashi iyalinsa. Kwana huɗu. Da ranar da na durƙusa a bakin bahon nan na tashi na tafi wurin Alhaji, da na sami Ishaya a gida yana shan shayi. Na je cocinsu a Samaru ranar Lahadi na tsaya a waje har aka tashi. Wani dattijo ya karɓe ni da mutunci, ya ce Ishaya ya yi musu sallama ya ce zai koma wajen gida, amma bai san ƙauyen ba, wasu kuma sun ce Abuja ya nufa neman tuƙin tifa. A nan na gane cewa shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya ban san sunan mahaifinsa ba, ban san sunan garinsu ba. Ishaya direban Alhaji, iyakar abin da na sani ke nan. Na yi ta ba direbobin hanyar Kafanchan saƙo har suka fara gudu in sun hango ni.

Labarin robar ya zaga Sabon Gari cikin mako guda. Masu manyan motoci suka janye ɗaya bayan ɗaya, ban yi musu gardama ba. Kafin damina ta faɗi na kwashe sifanuna na dawo Samaru na kafa rumfar da kuka sani. Da shekaru suka tura, waɗanda suka san ainihin abin suka watse, labarin ya juye da kansa ya koma cewa direba ne ya ƙona inji ya gudu. Na ji ana faɗa a gabanku, na sake yin shiru, don ina jin nauyin ku san ubanku haka. Wannan shirun na biyu shi nake gyarawa yau. Da rumfar nan aka ciyar da ku aka sa ku makaranta, ba na kuka da ita. Tun daga ranar kuma ban sake sa wa injin kowa abin wucin gadi ba tare da na gaya wa mai shi a gaban shaida ba, ko da zai zage ni.

Akwai abu ɗaya da har yanzu nake juyawa. Ishaya ne ya riƙe robar ina yanka. Direba ne da ya san mota, ya san aikin kula. Ranar da Alhaji ya karɓi makulli, kalma ɗaya zai faɗa ya tsira, ni in faɗa ramin. Bai faɗa ba. Ban sani ba ko ya manta ne, ko bai haɗa abin biyu ba, ko kuwa ya tuna sarai ya bar mini in faɗa da bakina, shi ya sa ya ce in sake dubawa.

Don haka ina roƙonku, ku 'ya'yana da duk wanda wannan littafi ya shiga hannunsa. In kun san wani Ishaya, dogo, mai wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun hagu, wanda ya yi tuƙin motar tumatir daga Zariya zuwa Kudu ya zauna a Hanwa, matarsa ana kiranta Maman Dauda, ku sanar da Rabi ko ku zo rumfar Sake-Duba a Samaru, kowa ya san ta. Yanzu zai yi tsufa kamar ni. In yana raye, zan je ko ina ne in tambaye shi ko ya tuna da rezar. In kuma ya riga mu, ku nuna mini Dauda ko ƙannensa. Wataƙila su ma sun taso suna jin cewa ubansu ya ƙona injin mutane aka kore shi. Ina so in gaya musu na sake dubawa, kuma babansu bai bar motar nan ba ruwa ba.